Yatsan da ya hana Malam Idris hawan Arfa

Akwai wani bawan Allah, Malam Idris, da ya taso daga Haɗeja a ƙafa, shi da matarsa Rakiya, da niyyar aikin Hajji. Shekara bakwai suka yi a hanya. Sun yi ƙodago a Cadi, sun tsinci auduga a Sudan, a can ma suka binne 'yarsu. Suka iso Makka saura wata biyu a hau Arfa, zamanin da raƙuma ke kai yawancin alhazai Mina, suka kama ɗaki a unguwar Utaibiyya.

Malam Idris mutumin kirki ne, amma yana da ciwo ɗaya: in aka ce masa babba, ba ya iya cewa a'a.

Rannan askarawa suka kama wani ɗan ga-ruwa mai suna Yunus, wai ya fasa wa abokin sana'arsa kai wajen ɗibar ruwa. Alƙali ya ce ba zai sake shi ba sai da kafili, wato wanda zai tsaya masa. Tsayawar kuwa da jiki ce. Ranar zaman shari'a in ba ka kawo mutuminka ba, kai za a rufe.

Mutanen unguwa suka taso. "Malam, ɗan Haɗeja ne fa. Wa zai tsaya masa in ba babba irinka ba?"

Rakiya ta ce, "Malam, ka san ubansa? Ka san inda yake kwana?"

"Hausarsa ta gida ce, Rakiya. Me ya rage?"

Ya je ya dangwala babban yatsa a takardar da ko karanta masa ba a yi ba. Aka sa zama ranar bakwai ga watan Zulhajji.

Ranar ta zo, babu Yunus, babu labarinsa. Alƙali ya ba Malam Idris wa'adi zuwa la'asar ɗin washegari ya kawo shi.

To, a ina za ka nemo mutum ɗaya ranar da duk maza suka ɗaura farin harami iri guda? Malam Idris ya taka har Mina. Ya kamo hannun mutum ya fi ashirin, kowa ya juyo ba shi ba ne. Ya yi ta kwala kiran Yunus, Yunusai huɗu suka amsa, babu nasa. Ya dawo ƙafa a kumbure, takaici kamar ya kashe shi.

Ya roƙi babban askar, "Ku bar ni in hau Arfa, wallahi jibi zan kawo kaina."

Askar ya ce, "Ya shaihu, wancan ma haka ya rantse. Kai wa zai tsaya maka?"

Malam Idris ya waiga. Waɗanda suka ce masa babba duk suna Mina.

A ɗaure ya yi ranar Arfa, da haraminsa a jiki, yana kuka kamar ba dattijo ba. Rakiya ma ba ta hau ba. A ƙofar gidan yari ta wuni da ƙwaryar abinci.

Bayan salla da kwana huɗu sai ga Yunus ya kawo kansa, da sabon aski, ana ce masa Alhaji. Wanda aka fasa wa kai ya yafe, shari'a ta ƙare kafin shayi ya huce.

A bakin ƙofa Yunus ya riƙe hannun Malam Idris yana murmushi. "Baba, ka yi haƙuri, tsoro na ji kada a rufe ni in rasa Arfa. Amma wallahi na yi maka addu'a a can, Allah ya nuna maka ta baɗi."

Rakiya ce ta amsa: "Amin, Alhaji."

Darasi: Taimako abu ne mai kyau, amma kada kunya ko son a ce maka babba su sa ka tsaya wa wanda ba ka sani ba. Kafin ka sa hannu, tambayi kanka me za ka rasa in ya gudu, kuma wa zai rasa tare da kai. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana shirin dangwala nasa yatsan yau.