Dawar da Ta Tsallake Iyaka

An taɓa yin wani mutum a wani ƙauye, tun kafin a haifi kakanninmu, wani bawan Allah ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne. Gona ɗaya gare shi, sai matarsa Tabawa. Gonar tana manne da ta maƙwabcinsa Barmo, mutum mai saurin fushi, kuma layin gamba ne kawai ya raba su.

Da kaka ta yi, Nomau ya yanke gambar nan don saƙar zana, sannan ya kira gayyar yankan dawa. Ranar gayya da sassafe sai ga saƙo: 'yarsa Lantana, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta daɗe a kan gwiwa, haihuwa ta ƙi zuwa. Ko takalmi bai tsaya nema ba. Ya nuna wa 'yan gayya gona da hannu, ya bar Tabawa da tuwonsu, ya kama hanya.

To, ku saurara, 'yan'uwana. 'Yan gayyar nan samarin wata unguwa ne, ba su san iyaka ba. Gamba babu, Barmo ya tafi cin kasuwa, ganga tana tashi. Suka yi ta yanka, suka yi ta yanka, har suka shige gonar Barmo suka cinye kusan rabinta. Suka ɗaure dammuna, suka zuba a rumbun Nomau.

Bayan 'yan kwanaki Nomau ya dawo da fara'a, tun daga zaure yake kira.

"Tabawa! Ta sauka lafiya, mace ce, hancinki sak, Allah ya ba ta haƙuri."

"Hancin da ka biya sadaki a kansa? Alhamdu lillahi! Malam, je ka leƙa rumbu ka ga wani abin barkar."

Ya hau, ya ɗage jinka, ya leƙa. Dawa har wuya. Shi ya shuka, shi ya nome, ya san gonarsa ba ta taɓa haifar wannan ba. Ya sauko ya nufi gona, ya ga inda yanka ya wuce iyaka. Ya juyo gida da sauri.

Da ya gaya wa Tabawa, ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Ai Barmo ya ɗora wa ƙanensa Cindo laifin ɓatan dawarsa. Ya kira shi ɓarawo a gaban tsohuwarsu, ya ce gobe gidan mai gari za su. Tsohuwa ko ruwa ta ƙi sha." Ta rage murya. "Malam, ka san halinsa. Hannu ɗaya ya ɗaure dammunan nan, wa zai bambanta naka da nasa? In ya ce duka nasa ne, me za mu ci har baɗi?"

"Ban sani ba, Tabawa. Amma tuwon da aka zagi Cindo a kansa ba zai wuce maƙogwarona ba."

Ku ji fa, babu wanda ya zarge shi. Shiru kawai zai yi, rumbu ya zauna a cike.

Amma Nomau ya tashi ya nufi gidan Barmo, ya tarar da shi a ƙofar gida yana ta sababi, mutane sun taru, Cindo yana gefe, idonsa ja wur. Nomau ya durƙusa.

"Yaya Barmo, dawarka tana rumbuna."

Ya ba da labari tun daga yankan gamba, bai rage komai ba. Sannan ya ce, "Ban san taka ba, ban san tawa ba. Zo ka ɗiba har ranka ya kwanta."

Barmo ya dubi ƙanensa, ya zauna daɓas a ƙasa.

"Gobe fa nake shirin dafa Alƙur'ani a kan yaron nan," in ji shi. "Cindo, ɗan'uwana, ka yafe mini. Kai za ka shiga rumbun. Abin da ka fitar, na yarda."

Cindo ya share ido da hannun riga. "Yaya, ɓarawo za ka sa a rumbun mutane?"

Dariya ta ɓarke, har da masu hawaye. Daga cikin gida aka jiyo tsohuwa tana cewa a dama mata fura. Cindo ya shiga rumbu ya raba da adalci, abin da ya rage wa Nomau shi ne daidai abin da gonarsa ta saba ba shi. Nomau ya sauke ajiyar zuciya, ya ce yanzu ya gane rumbunsa.

'Yan'uwana, abin da nake so mu riƙe shi ne: ba da hannu kaɗai ake zalunci ba, ana yin sa da shiru. Nomau bai saci ko zangarniya ɗaya ba, amma da ya kama bakinsa, da shi ya raba 'yan'uwa biyu. Mu ma ga kaka ta zo, kayan kowa a shanye, na wannan kusa da na wancan. Ke 'yar'uwa, kazar maƙwabciya ta yi ƙwai a ɗakinki, kina jin ana dukan 'yarta ta bayan katanga. Gyaɗar wata ta gangaro cikin shanyarki, ana zargin wata can daban. Kada ki ce ai ba ni na ɗauka ba. Ki yafa mayafinki ki je ki faɗa, ko muryarki tana rawa. Allah ya ba mu ikon buɗe baki a ranar da shiru ya fi sauƙi.