Khubaib da Ƙungiyar Haziƙai

Akwai wani saurayi a Tudun Wadan Zariya, sunansa Khubaib, yana karatun kasuwanci a harabar jami'a da ke unguwar Kongo. Allah Ya ba shi kai. Duk jarrabawar da aka yi shi ne a sama, kuma ya san da hakan.

A shekararsa ta biyu suka haɗu da wasu 'yan ajinsu suka kafa Ƙungiyar Haziƙan Ɗaliban Kasuwanci. Ba a shiga da alfarma, sai da sakamako mai kyau. Wani malaminsu, Dakta Isiyaku, ya zama uban ƙungiya. Idan an yi dogon hutu yakan sama musu gurbin koyon aiki a kamfanonin Kaduna da Kano.

Khubaib aka zaɓa shugaba. Shi ya kawo ƙa'idar cewa duk wanda sakamakonsa ya sauka, ko sau ɗaya ne, ya fita ke nan, babu uzuri.

Wata rana bayan taro mataimakiyarsa, Salwa, ta tare shi.

"Khubaib, mu fa ko benci biyu ba mu cika ba, ga rabin ajinmu lissafi na kayar da su. Me zai hana mu riƙa koya musu ran Asabar?"

Ya yi dariya. "Ƙungiyar haziƙai muka kafa, ba ajin yaƙi da jahilci ba. Kina so irin su Auwal mai sayar da cajar waya su zauna da mu? Ina darajar?"

Salwa ba ta ja da shi ba. Ta je wurin kawunta, Malam Kailani, a nan Tudun Wada, ta roƙi aron zaurensa. Malam ya ce bayan la'asar babu mai ɗaukar karatu, su zo. Ta fara da mutum kaɗan a kan tabarma, da ɗan allo jingine da bango. Auwal na cikinsu. Daga wurin sana'arsa yake zuwa, jakar kaya a kafaɗa.

Ana haka, a shekara ta uku, mahaifiyar Khubaib ta faɗi a tsakar gida. Hawan jini ne, ɓarin jikinta ya shanye. Mahaifinsa ya rasu, shi ne babba. Ya koma zaryar asibiti, lacca sai wadda ya samu. Da sakamako ya fito, ya faɗi kwas guda, sauran ma da ƙyar.

Ranar taron ƙungiya aka zo kan maganar cire shi. Salwa ta ce a duba lalurarsa. Wani daga baya ya ce, "Lokacin da aka cire wasu, wa ya duba tasu?"

Khubaib ya san gaskiya aka faɗa. Ya tashi ya fita. Gurbin Kaduna da ya sa rai a kansa aka ba wani. Daga nan ya daina tsayawa hira a makaranta. In ya hango ɗan ƙungiya sai ya canza hanya.

Wata Juma'a yana wanke wa mahaifiyarsa kaya aka yi sallama. Ya fito ya ga Auwal da ledar lemo da ayaba, ya zo dubiya. A lokacin nan, sakamakon Auwal ya riga ya gyaru har ya shiga ƙungiyar.

Bayan sun gaisa Auwal ya ce, "Gobe muna zauren Malam. Kwas ɗin da ya ba ka matsala ni nake bitarsa da mutane."

Khubaib ya sunkuyar da kai. "Ka ji abin da na taɓa faɗa a kanka?"

"Na ji. Allah Ya ba Inna lafiya. Ka zo da biro."

Ya yi ta saƙa da warwara, amma ya je. Tun daga bakin titi ya ga takalma jibge. Zaure ya cika, mata ta gefe guda, maza ta gefe guda, wasu a waje suna leƙe ta taga. Ya raɓa ya zauna a bayan kowa. Babu wanda ya waiwaya ya kalle shi. Auwal yana bayani da misalin caja da batir, yadda yake saro su da yadda yake fitar da riba. Abin da ya shige wa Khubaib duhu ya fito fili.

Bai ƙara fashin Asabar ba. Ya ci kwas ɗin, sakamakonsa ya dawo, ƙungiya ta sake karɓarsa. Salwa ce shugaba a lokacin, amma shi ya miƙe a taro ya nemi a gyara ƙa'idar. Aka amince cewa wanda ya sauka za a ba shi zango guda da mai taimaka masa, kuma duk wanda ya shigo sai ya koyar.

Daga nan ƙungiya ta bunƙasa. Zaure ya yi kaɗan, Dakta Isiyaku ya samo musu babban ɗakin lacca. Ɗaliban kasuwanci na wasu makarantu a Zariya da Kaduna suka riƙa zuwa neman a buɗe musu reshe.

Ranar bikin yaye 'yan ƙungiya, mahaifiyar Khubaib ta zo tana dogara sanda. Da aka tashi ya kamo hannunta zai kai ta wurin Salwa da Dakta. Ta tsaya.

"Tukuna. Wanne ne Auwal?"

Aka nuna mata shi. Ya zo ya durƙusa. Ta dube shi ta ce, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan. Yadda ka ɗaga nawa, Allah Ya ɗaga naka."

Khubaib ne ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

Darasi: Baiwar da Allah Ya ba ka amana ce, ba katangar da za ka kewaye kanka da ita ba. Kada ka rufe ƙofa a fuskar na ƙasa da kai, domin ba ka san ranar da za ka tsaya a waje kana neman mai buɗe maka ba. Ku tura wa ɗalibai da iyaye, wataƙila akwai mai buƙatar jin wannan yau.