Yadda Kajiji Ya Tona Asirin Ladingo

Dalilin da ya sa ba za ku taɓa samun man kajiji kwalba biyu masu ƙamshi ɗaya sak ba, shi zan faɗa muku yau, tunda kun dame ni wai mai turare ya cuce mu. Bai cuce mu ba. Ku ajiye kwalaben nan kada ku fasa mini, ku matso kusa. Labarin ba mai daɗin faɗa ba ne a gidan nan, don wadda abin ya faru a kanta kakar kakata ce, sunanta Ladingo.

A zamanin da, kajiji ƙamshinsa ɗaya ne ko a ina ya fito. Na bakin kogi da na fadama, na bana da na bara, ba mai iya bambance su. Wahalar dai samunsa ce. Sai mace ta shiga taɓo har gwiwa, matsattsaku suna manne mata a ƙafa, ta tono saiwar, ta wanke, ta shanya a inuwa, ta daka, ta jiƙa a man riɗi kwana arba'in, sannan ta tace ta ɗura a tandun fata.

A garin Tafkin Maje akwai wata tsohuwa mai wannan sana'a, ana ce mata Hakama. Ita ta raini Ladingo, 'yar ƙaninta, tun uwar ta rasu ta bar ta tana rarrafe. Da kajiji ta ciyar da ita, da shi ta yi mata kayan ɗaki. Da Ladingo ta zama matar aure sai suka raba aiki: tsohuwa ta shiga fadama, ita kuma ta ɗauki tanduna ta zaga gidaje. Ladingo kyakkyawa ce, ga iya magana, hannunta kullum da lalle. Ba a daɗe ba mutane suka fara cewa "man Ladingo". Ba ta taɓa gyara musu ba.

Rannan aka yi suna a gidan wani Dagaci, can ƙetaren kogi inda ba a san danginsu ba. Ladingo ta je da tandunanta. Matar Dagacin, Tamadina, ta shafa man ta ji daɗinsa, ta zaunar da ita kusa da ita a gaban mata.

Ta ce, "Wai ke kaɗai kike wannan aiki?"

Ladingo ta ce, "Ni kaɗai, ranki ya daɗe. Daga tono har tacewa, ba hannun da ke taɓa shi sai nawa."

Ashe ta manta tandu ɗaya a gidan tsohuwar. Hakama ta dawo daga fadama ta gan shi, ko wanka ba ta tsaya yi ba, ta ƙetare kogi ta biyo ta da shi. Sai ga ta ta yi sallama, zani a jiƙe, taɓo ya bushe a ƙwaurinta, jini na tsatsafowa inda matsattsaku ya cije ta. Mata suka janye ƙafafunsu.

Tamadina ta ce, "Wannan fa, daga ina?"

Ladingo ta dubi tsohuwar, ta dubi matan da suka sha ado. Ta ce, "Mai yi mana aikatau ce. Ajiye nan, Iya, ki koma."

Hakama ta ajiye tandun a hankali, ta juya ta fita. Ba gida ta nufa ba, fadama ta koma. Ta zauna a bakin taɓo da saiwar kajiji a hannu, hawaye na ɗiga a kanta. Ta ce, "Ya Allah, ban roƙa mata sharri ba, 'yata ce. Amma ƙasar nan ta san ƙafar da ke shiga cikinta, kajijin nan ya san hannun da ke tono shi, baki ne ba su da shi. Ka ba shi baki, ya riƙa faɗin inda ya fito."

Daga ranar ƙafafunta suka kumbura, ta daina shiga fadama. Ladingo kuwa ta ji labari, amma ta kasa zuwa duba ta, don ba ta san da wane ido za ta kalle ta ba.

Da Sallah ta kusa, Tamadina ta aiko tana son tandu huɗu irin na ranar suna. Ladingo ta ce a ranta, ai kajiji kajiji ne. Ta je bakin kogi, wurin yashi inda tono ba wuya, ta haɗa tandu ɗaya da kanta. Sauran ukun ta saya a hannun maƙwabta. Ko sunsunawa ba ta yi ba, ta kai.

Tamadina ta buɗe na farko a gaban ƙawayenta, ta yamutsa fuska. Ƙamshinsa mai yaji ne kamar masoro. Na biyu kamar hayaƙi ya bi ta kansa. Na uku mai zaƙi-zaƙi. Na huɗu kuwa sai an tura hanci sosai kafin a ji wani abu. Ta aika aka ɗauko ragowar na ranar suna, ana buɗewa ɗaki ya cika da ƙamshi mai sanyi, irin na ƙasa in ruwan farko ya sauka.

Ta ce, "Ladingo, wannan ba aikin hannu ɗaya ba ne. Wanne ne naki?"

Ladingo ta nuna na huɗu.

"To na ranar suna fa, wa ya yi shi?"

Ladingo ta kawar da kai. Can wata dattijuwa daga gefe ta ce, "Ni fa na ga ƙafar tsohuwar nan ta rannan, ƙafar fadama ce. Na kuma ga goshinta, irin naki ne."

Ladingo ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Gwaggona ce. Ita ta raine ni. Ita ke yin man."

Ba wadda ta zage ta. Da ma zaginta suka yi, da ya fi mata sauƙi. Tamadina ta turo mata tandunan da ƙafa, ta ce, "Kwashe kayanki. Ba ni kika yi wa laifi ba."

Ladingo ta ƙetare kogi da mayafi rufe da fuskarta. Ta daɗe tsaye a ƙofar ɗakin Hakama, sallama ta gagare ta. Daga ciki tsohuwa ta ce, "Shigo, 'yar nan, na san takunki."

Ta shiga ta durƙusa, ba ta ɗago kai ba. "Gwaggo, na faɗa musu ke ce."

"Kin faɗa, ko an sa ki kin faɗa?"

"Sa ni aka yi."

Hakama ta yi ajiyar zuciya. "To, wannan ma gaskiya ce, na karɓa. Tashi, na yafe miki."

Da Ladingo ta ba ta labarin tandunan nan huɗu, Hakama ta gane roƙonta ne aka amsa, ta faɗa mata abin da ta roƙa. Ladingo ta ce, "Gwaggo, ki roƙa ya koma yadda yake."

Tsohuwa ta girgiza kai. "Ban san hanyar mayar da shi ba. Ko na sani ma ba zan mayar ba. Mata nawa ne ke shan taɓo wata tana karɓar yabo?"

Washegari da hantsi Ladingo ta goyi gwaggonta har bakin fadama, ta zaunar da ita a inuwa. Tsohuwa na nuna mata da sanda, ita kuma ta naɗe zani ta shiga taɓon har gwiwa, matan gari na tsaye suna kallo. Ba ta ɗaga ido ta dube su ba har ta cika ƙwarya.

Shi ya sa, 'yan jikokina, har wa yau kajijin tudu daban, na fadama daban, na shekarar ruwa daban da na shekarar fari, kai har hannun da ya daka shi sai an ji a jikinsa. Kowanne faɗin asalinsa yake yi, kuma tun ranar da aka ba shi baki bai sake yin shiru ba.