Wandon Sarki Jatau

A zamanin da, a wata ƙasa mai yawan ruwan sama, an yi wani Sarki Jatau wanda zama ya gagare shi. Gabansa ya kumbura, fitsari ya zame masa azaba, har wata safiya ya ga tsutsa tana motsi a inda ya tsuguna.

Galadima Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jifa ne. Ƙanenka Nomau ya dawo daga yawon duniya, sai ga ciwo. Sarauta yake so."

Sarki ya gaji da ciwo, ya gaji da tunani. Ya sa aka ɗaure Nomau, ya ce in damina ta wuce bai warke ba, a sare shi.

To, akwai tsohon Waziri Tanimu, wanda gwiwa ta fara ƙi masa. Ya san al'adar gidan: ba a shanya wandon sarki a rana, kada idon talaka ya gan shi. A ƙasa ake shimfiɗa shi, cikin inuwa, bayan makewayi. Amma wa zai ce wa sarki al'adar kakanninsa ce ke cinsa?

Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mai tona maƙiyi ya cancanci girma. A ba Galadima wandonka, ya sa kullum."

Galadima ya karɓa yana taƙama. Ba a jima ba aka ga yana mutsu-mutsu a fada, yana zama da gefe guda.

Waziri ya ce, "Galadima, lafiya? Ko kai ma gadonka ake nema?"

"Bar ni, Waziri, wuta ce a jikina!"

Waziri ya ja Sarki da Galadima bayan makewayi. Ga wanduna a ƙasa mai laima, ƙudaje sun rufe su, sun zuba ƙwai a cikin ɗinki.

Ya ce, "Ga masu jifan, ranka ya daɗe. Sai dai ba su ɗauruwa."

Sarki ya daɗe yana kallo. Aka kira wanzami, ya toshe ƙurajen da suka fito wa Sarki da man kaɗanya, tsutsotsin suka leƙo neman iska, ya zare su. Aka kafa igiyar shanya wanduna a cikin rana.

Da aka kwance Nomau, Sarki ya ce, "Ƙanena, faɗi abin da za a yi wa Galadima."

Nomau ya murza sawun marin ƙarfe a ƙafarsa, ya ce, "Yaya, na gaji. A ba shi mafici ya tsare igiyar nan, yana korar ƙudaje. Ni dai tabarma nake so."