Akusan Sarki Dambo

An yi wani sarki a Birnin Ƙirya, ana ce masa Dambo, wanda karamcinsa ya fi nazarinsa yawa. Wazirinsa yana da ƙane mai ƙafar yawo, sunansa Jatau, wanda ya komo bayan shekaru ya tarar an sare kukar bakin kasuwa, marina ta koma gabas, bayan ganuwa kuma an yi unguwar waɗansu mutane da yaƙi ya koro. Sarki ya ba su amana, ya ɗauke musu gayya da yaɓen ganuwa, kullum akusan tuwo na fita daga fada zuwa gare su.

Ran nan dattijonsu, Baba Kyari, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, muna neman izinin komawa ƙasarmu."

Sarki ya ce, "Ƙasar da har yau ake kisa? Me kuka rasa?"

Ya ce, "Ba mu rasa kome ba, ranka ya daɗe."

Sarki ya umurci majalisa ta gano illar kafin mutanen su ɗaure kaya. Waziri ya ce a ƙara musu nama. Jatau, da ya rako wansa fada, ya ce, "Yaya, da nama ke tsai da mutum, da ban taɓa barin gidanka ba. Ranka ya daɗe, akusanka da me suke komowa?"

Aka tambayi jakadiya, ta ce, "Wankakku tas, ba kome ciki."

Jatau ya ce, "A garin nan wace mace ce maƙwabciya za ta aiko wa tuwo, ta mayar da akushi haka nan? Ko ƙuliƙuli sai ta jefa. Su kuwa kullum sai sun sha wannan kunyar. Na ci tuwon baƙunta a garuruwa da dama, amma ban ji ni mutum ba ne sai ranar da wani ya ƙwala mini kira in kama masa jinka."

Washegari sarki ya aika wa Baba Kyari akushi ba kome ciki, ya ce yana marmarin girkinsu, kuma ganuwar gabas ta zube, gyaranta rabonsu ne. Akushi ya komo shaƙe da burabusko. Bayan kwanaki sai ga dattijon a fada, hannu duk laka, yana ƙorafin maginan garin na rowar ciyawa a kwaɓi.

Sarki ya yi murmushi, ya ce, "Baba, maganar tafiya fa?"

Ya ce, "Mu tafi, mu bar wa wa ganuwarmu?"

Sarki ya ba shi mazauni a majalisa, ya ba Jatau doki da sarauta, ya ce, "Adalci ga baƙo ba ciyar da shi kaɗai ba ne, har da yarda a bukace shi."

Jatau ya yi godiya, ya roƙi a ajiye masa sarautar, ya fita neman sirdi.