Irin Dawar da Aka Kulle a Adaka

Akwai wata tsohuwa mai tsoron Allah, tana da irin dawa nata, jar kaura mai nauyin kai, wanda ta gada wurin uwarta. Kafin a yanke gona sai ta shiga da 'yar wuƙarta tana zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika, tana rera waƙar sujada ƙasa-ƙasa. Ta ɗaure su, ta rataye a saman murhu inda hayaƙi yake bugunsu, don kada ƙwari su shiga. Ruwan shuka na sauka sai ta sauke, ta sussuke, ta yi addu'a a kai. Duk wadda ta zo da ƙwarya, ta zuba mata.

'Yarta ba ta son wannan rabo. Takan ce, "Mama, ke da wahalar zaɓe, su da kawo ƙwarya?"

Tsohuwar sai ta ce, "Miƙo mini waccan ƙwaryar."

Wata shekara bayan girbi tsohuwar ta rasu. 'Yar ta dubi damin nan ya yi baƙi ƙirin, ta ce abin tunawa da uwarta ba zai zauna cikin hayaƙi ba. Ta sauke, ta kakkaɓe, ta sa a leda ta ɗaure tam, ta kulle a adaka tare da zanen zumuntar matan coci na uwar da littafin waƙoƙinta. Da mata suka zo da ƙwarya, ta tare su a bakin ƙofa ta ce, "Mai rabon ta tafi." Ita ma ba ta shuka ba, wai kada ya ƙare. Ta sayo na kasuwa.

A damina ta uku, tata 'yar da ta yi aure ta zo ta ce, "Mama, ki ɗiba mini irin Kaka in shuka a gidana." Mamar ta buɗe adaka, ta kwance leda, sai gari da ƙwari.

Ga ƙasa ta jiƙe, kowa yana gona, kwanakin shuka suna wucewa. Ta kasa zama. Kunya ta hana ta zuwa wurin matan da ta kora. Ta bi kasuwanni uku tana tauna ƙwaya tana tofarwa, wannan ba shi ba ne, wancan ma ba shi ba ne. Daga baya aka ce mata ta je hayin rafi, wurin wata tsohuwa mai daddawa. Tana leƙa ɗakin girki sai ta ga dami a rataye saman murhu, baƙi ƙirin, ɗauri irin na uwarta.

Ta ce, "Mama, nawa za ki sayar mini?"

"Ba na sayarwa ba ne."

"Ki yanka kuɗinki. Ni ban zo roƙo ba."

Mai daddawa ta yi dariya ta ce, "Oh 'yar nan, har yau ba ki sauya ba? Uwarki ba ta karɓi komai a hannuna ba. Ina ƙwaryarki?"

Ba ta zo da ƙwarya ba. Ta daɗe a tsaye, sannan ta durƙusa ta shimfiɗa bakin zaninta. Tsohuwar tana zubawa tana cewa, "In kin girbe, ki mayar da shi hayaƙi. Wadda ta zo, ki zuba mata."

To, ga ma'anar misalin nan, ku ji. Irin nan bangaskiyar iyayenmu mata ce. Hayaƙin shi ne wahalar kullum da suka riƙe ta a ciki: girki, jinya, rashi, binne 'ya'ya. Adakar kuwa mu ne.

Ni ban yi makaranta ba, da ƙyar nake haɗa baƙi, amma a kan iri babu mai cuta ta. Yau shekara uku da Ubangiji ya kira uwata Liyatu. Mun buga hotonta a riga, mun dafa shinkafa, babu wanda zai ce ba mu yi ba. Amma wa yake tashin gida da addu'ar safe yanzu? Wa yake kai wa marasa lafiya kunu ranar Laraba? Jikokinta goma sha ɗaya, in sun zo ɗiba, me za su tarar a wurinmu?

Makon jiya wata mata da ban sani ba ta tsaya gaban tirena a kasuwa, ta ce Mama ce ta koya mata wata waƙa lokacin da take kwance a asibiti. Muka fara rerawa tare. A baiti na biyu ni na tsaya, ita ta wuce. Na ce, "Baiwar Allah, zauna nan ki maimaita mini." Masu saye suka jira.

Ku je gida yau ku buɗe adakarku, tun ƙasa tana da danshi.