Abin da Gada Ba Ta Ci

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo mu ji da kunnenmu.

Bushiya na da ɗan lambu, da shi take ciyar da 'ya'yanta. Duk alayyahun da ta shuka sai Gada ta cinye. Ran nan ta kama ta dumu-dumu.

"Haba 'yar'uwa! Kashe mu za ki yi?"

Gada ta sunkuyar da kai. "Shayarwa nake, daji kuma ya bushe."

Jikin Bushiya ya yi sanyi. "To, me ba kya ci?"

Gada ta san hanyar abincinta za ta toshe, amma ta faɗi gaskiya: "Albasa, tafarnuwa da ɗaɗɗoya. Warinsu ma kora ta yake."

Bushiya ta cika lambun da su. A bayan shinge kuwa ta shuka fangali guda na alayyahu, ta ce, "Wannan na mai jego ne."

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera!